Ben Hogan: Gwanin ƙwallon lambu da ya fi cin manyan kofuna bayan ya rage shiga gasa

A tarihin wasan ƙwallon lambu, wanda aka fi sani da golf, babu ɗan wasan da aka fi danganta sunansa da yawan atisaye kamar Ben Hogan, Ba'amurken da ya rasu a shekarar 1997. Har gobe, idan mai horarwa yana son zaburar da yaron da kasala ta kama, labarin Hogan yake ɗaukowa, ya ba shi labarin mutumin da yakan yini yana bugun ƙwallo har tafin hannunsa ya fashe.

Sai dai akwai ɓangaren rayuwarsa da ba a cika faɗa wa yaran ba. Daga cikin manyan kofuna tara da ya ci, uku kacal ya samu a shekarun da yake da cikakkiyar lafiya, yana zagaye Amurka mako bayan mako. Sauran shidan ya ci su ne bayan haɗarin mota ya karairaya shi, ya tilasta masa rage gasa da taƙaita atisaye. Duk mai tambayar ko yawan atisaye da yawan wasa suna iya rage ƙwazon ɗan wasa, zai sami abin dubawa a rayuwar wannan mutum.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda wasan yake. Filin golf yana da ramuka 18, kuma aikin ɗan wasa shi ne ya buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga wurin farawa har ta faɗa kowane rami. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara. Babbar gasa zagaye huɗu ce, wato ramuka 72, kuma a kowane zagaye ɗan wasa yakan taka kimanin kilomita takwas a ƙasa. Gasanni huɗu ne ake auna girman ɗan wasa da su: Masters, da US Open, da PGA, dukkansu a Amurka, sai kuma Open ta Birtaniya.

Ɗan maƙeri

An haifi William Ben Hogan ranar 13 ga Agustan 1912 a garin Stephenville da ke jihar Texas. Shi ne auta a cikin 'ya'ya uku na Chester Hogan da matarsa Clara. Mahaifinsa maƙeri ne a ƙaramin garin Dublin, a daidai zamanin da mota ta fara ture doki, sana'ar ƙira kuma ta soma ja da baya. A shekarar 1921 iyalin suka koma birnin Fort Worth. A shekarar da ta biyo baya mahaifin ya harbe kansa a cikin gida, Ben yana ɗan shekara tara.

Talauci ya shigo gidan gadan-gadan. Clara ta kama ɗinki, wansa Royal ya bar makaranta ya shiga neman abinci, shi kuwa Ben ya riƙa sayar da jaridu a tashar jirgin ƙasa. Yana ɗan shekara 11 ya sami labarin cewa a kulob ɗin golf na Glen Garden ana biyan yara senti 65 idan suka ɗaukar wa mai wasa jakar sanduna na zagaye guda. Ya riƙa takawa da ƙafa zuwa can, wani lokaci ma ya kwana a filin domin ya riga sauran yara samun aiki da asuba.

A Glen Garden ya haɗu da wani yaro tsaransa mai suna Byron Nelson, wanda shi ma daga baya ya shahara a duniya. A watan Disamban 1927 su biyun suka yi kunnen doki a gasar masu ɗaukar jaka, aka ƙara musu ramuka tara, Nelson ya ci da bugu ɗaya. Tun daga nan bambancinsu ya fito fili. Nelson dogo ne, mai fara'a, wasan kuma ya zo masa da sauƙi. Hogan gajere ne, siriri, mai ƙarancin magana, kuma duk abin da ya samu sai da ya yi masa gumi.

A nan ne kuma ya ɗauki cutar da ta bi shi shekara da shekaru. Yaran sukan yi gasar wanda ya fi tura ƙwallo nesa, wanda ya zo na ƙarshe kuma shi ke zuwa kwaso ƙwallayen kowa. Da yake Hogan ba shi da jiki, sai ya koyi wani irin riƙon sanda da ke sa ƙwallo ta tashi ƙasa-ƙasa, ta lanƙwasa hagu, ta yi ta gangarawa a busasshiyar ƙasar Texas. Dabarar ta raba shi da kwasar ƙwallaye, amma ta zauna masa a hannu.

Shekara goma na wahala

Hogan ya bar makarantar sakandare gab da kammalawa, ya shiga sahun masu wasan neman kuɗi a watan Janairun 1930, a gasar Texas Open da aka yi a San Antonio. Shekarunsa 17 a lokacin. Abin da ya biyo baya shekaru ne na faɗuwa da tashi. Fiye da sau ɗaya kuɗinsa ya ƙare ƙaf, ya koma Fort Worth ya yi ƙananan ayyuka, ya tara 'yan kuɗi, ya sake fita. A watan Afrilun 1935 ya auri Valerie Fox, wadda ta zama abokiyar tafiyarsa a duk yawon da ya yi.

A wancan zamani yawancin 'yan wasa ba su ɗauki atisaye da muhimmanci ba. Mutum yakan ɗan motsa jiki kafin wasa, idan ya gama ya nufi wurin hira da abokai. Hogan kuwa idan ya gama zagaye sai ya koma fili ya ci gaba da bugu har duhu ya rufe, in ya shiga masauki kuma ya ci gaba da gwada juya sanda a cikin ɗaki. Babu wanda ya kai shi yawan bugun ƙwallo, amma duk da haka ya shafe kusan shekara goma bai ci gasa ko ɗaya shi kaɗai ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jiki ba ya tantance daidai da kuskure, duk abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Kowace ƙwallo da Hogan ya buga da wancan riƙo na ƙuruciya, ƙara kafa lanƙwasar take yi. A filin atisaye, inda hankali ke kwance, yakan iya shawo kanta. Da zarar ya shiga gasa, zuciya ta fara bugawa, hannu ya yi sauri, sai ƙwallo ta kauce hagu ta faɗa cikin ciyawa ko bishiyoyi. A waɗannan shekaru yawan atisaye bai warkar da shi ba, zurfafa matsalar ya yi.

A farkon 1938, a birnin Oakland na jihar Kalifoniya, shi da Valerie suka kai maƙura. Kuɗinsu ya kusa ƙarewa, sai kuma ya wayi gari ya tarar ɓarayi sun kwance masa tayoyin mota. Wani ɗan wasa ya rage masa hanya zuwa fili, ya buga 67 a zagayen ƙarshe, ya sami dala 285. Wannan kuɗi ne ya hana shi barin wasan baki ɗaya. A watan Maris na 1940 haƙurinsa ya dafa dutse: ya ci gasar North and South Open a Pinehurst, ya kuma bi ta da wasu biyu a jere a Greensboro da Asheville, duk a jihar North Carolina.

Shekarun yawan gasa

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Shi ne ya fi kowa samun kuɗin gasa a 1940 da 1941 da 1942. Amma manyan kofuna sun ci gaba da kuɓuce masa. A gasar Masters ta 1942 ya yi kunnen doki da tsohon abokin hamayyarsa Nelson, a wasan raba gardama kuma Nelson ya sake cin sa da bugu ɗaya, 69 da 70. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari, ya yi aiki a rundunar sojan saman Amurka daga 1943 zuwa 1945.

Da ya dawo, ya tarar Nelson ya mamaye wasan, domin a 1945 kaɗai ya ci gasa 18, goma sha ɗaya daga ciki a jere. Amma abin lura shi ne yadda wannan bajinta ta ƙare. A shekarar da ta biyo baya Nelson, yana ɗan shekara 34, ya daina bin gasanni mako-mako, ya koma gonarsa ta kiwo a Roanoke da ke Texas, domin yawon ya gajiyar da shi. Kafin shi ma, Bobby Jones ya ajiye sanda a 1930 yana ɗan shekara 28, bayan ya ci manyan kofunan zamaninsa guda huɗu a shekara ɗaya, saboda nauyin da gasa ke ɗora wa jikinsa da zuciyarsa.

Hogan bai ɗauki wannan hanya ba. A 1946 ya shiga gasa wajen talatin, ya ci 13. A wancan lokaci da mota ake bin gasanni, a gama wasa ran Lahadi, a kwana ana tuƙi, a wayi gari a wani fili mai nisan ɗaruruwan kilomita. Tsakanin wannan gasa da waccan kuma babu hutu, domin lokacin da wasu ke barci shi yana fili. A wannan shekara da ya ci gasa 13, sau biyu babban kofi ya zo hannunsa ya suɓuce a rami na ƙarshe. A Masters ya yi bugu uku a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, inda biyu suka isa su kai shi kunnen doki, Herman Keiser ya ci da bugu ɗaya. Bayan wata biyu, a US Open da aka yi a Canterbury kusa da Cleveland, ya maimaita irin wannan kuskure a rami na ƙarshe. Sai a watan Agusta ya ci babban kofinsa na farko, na PGA, a birnin Portland, yana ɗan shekara 34.

A tsakanin waɗannan shekaru ne ya sauya salon atisayensa, kuma wannan sauyi ya fi yawan bugun da yake yi muhimmanci. Ya daina tara ƙwallaye yana watsawa kawai. Ya koma gwaji irin na mai bincike: ya sauya abu ɗaya, ya duba yadda ƙwallo ta tashi, ya rubuta a littafinsa. A ƙarshe ya sassauta riƙon hannun hagu, ya sauya yadda wuyan hannunsa ke lanƙwasa idan sanda ta kai sama. Sakamakon haka ƙwallo ta daina gudu hagu, ta koma tashi sama tana ɗan karkata dama, ta sauka a hankali inda ya nufa. Abin da shekara goma na maimaitawa suka kasa yi, tunani ya yi shi.

A 1948 ya ci gasa goma, har da PGA a birnin St. Louis a watan Mayu, da US Open a filin Riviera na Los Angeles a watan Yuni, inda ya kafa tarihi da bugu 276. Amma jikinsa ya ji a jika. Gasar PGA a lokacin ta mutum da mutum ce, wanda ya kai wasan ƙarshe kuma sai ya buga ramuka 36 a rana, kwanaki a jere. Hogan, wanda nauyinsa bai wuce kilo 65 ba, ya fita daga St. Louis a galabaice. A farkon 1949 ya ci gasa biyu, ya faɗi a wasan raba gardama a Phoenix, sai ya yanke shawarar ya bar gasar da ke biye, ya koma gida ya huta.

Hanyar Van Horn

A wannan tafiya ta neman hutu ne ƙaddara ta tare shi. Da safiyar 2 ga Fabrairun 1949, a gabashin garin Van Horn na yammacin Texas, hazo ya rufe hanya. Wata babbar motar fasinja ta kamfanin Greyhound ta fito za ta wuce motar kaya a kan wata ƙaramar gada, ta yi taho-mu-gama da motar Hogan. Da ya ga babu makawa, sai ya yi tsalle ya rufe jikin matarsa. Wannan ya ceci Valerie, ya kuma cece shi, domin sandar sitiyari ta huda kujerar da ya tashi daga kai.

Ƙashin ƙugunsa ya karye a wuri biyu, haka ƙashin wuya da idon sawun hagu, haƙarƙari ma ya tsage. Yana kwance a asibiti a El Paso sai jini ya fara daskarewa a jijiyoyin ƙafafunsa, gudajin suna tafiya zuwa huhu. Aka ɗauko wani ƙwararren likitan fiɗa, Alton Ochsner, daga New Orleans, ya ɗaure babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Aikin ya ceci ransa, amma daga ranar jini ya koma bin ƙananan jijiyoyi, ƙafafunsa kuma suka riƙa kumbura da ciwo har ƙarshen rayuwarsa. Ya bar asibiti ranar 1 ga Afrilu, bayan kwana 59.

Ya fara da zagaya ɗaki, sannan zagaya gida, sannan unguwa. A watan Satumba ya jagoranci tawagar Amurka zuwa gasar kofin Ryder a Ingila ba tare da ya buga ba. Wajen ƙarshen shekara ya sake ɗaukar sanda.

In kiɗa ya sauya

A watan Janairun 1950, wata goma sha ɗaya bayan haɗarin, ya shiga gasar Los Angeles Open, ya yi kunnen doki da Sam Snead, Snead ya ci wasan raba gardama. Mutumin da ya dawo fili ba wanda ya tafi ba ne. Kafin kowane zagaye sai ya jiƙa ƙafafunsa a ruwan zafi na tsawon lokaci, sannan ya naɗe su da bandeji daga idon sawu har cinya. Ba ya iya tsayuwa yini guda a filin atisaye kamar da, ba ya kuma iya bin gasanni mako-mako. Tilas ta sa ya fara ƙididdige kowane taki da kowane bugu.

A watan Yuni aka yi US Open a filin Merion kusa da Philadelphia, inda a lokacin ake buga ramuka 36 a ranar ƙarshe. Ƙafafunsa suka riƙa ɗaurewa, har ya kusa faɗuwa a tsakiyar zagayen yamma, amma ya lallaɓa ya kai rami na ƙarshe. Hoton da Hy Peskin ya ɗauka daga bayansa, yana bin ƙwallonsa da ido a wannan rami, yana cikin hotunan da suka fi shahara a tarihin wasanni. Ya yi kunnen doki da Lloyd Mangrum da George Fazio a kan bugu 287. Washegari ya buga 69, Mangrum 73, Fazio 75.

Daga nan ya kafa tsarin da ya bi. Ya daina shiga gasar PGA, saboda ƙafafunsa ba za su ɗauki ramuka 36 kullum ba, bai kuma koma mata ba sai 1960. Ya zaɓi 'yan gasanni ƙalilan, ya mayar da shekararsa duka shiri dominsu. Kafin Masters yakan tafi filin Seminole a jihar Florida ya yi makonni yana shiri cikin natsuwa. Kafin US Open yakan isa da wuri, ya taka filin yana nazarin inda ya dace ƙwallo ta sauka da inda bai kamata ta je ba ko da wasa. A 1951 bai shiga gasa fiye da biyar ba, ya ci uku, ciki har da Masters ɗinsa ta farko da US Open a filin Oakland Hills mai tsananin wuya, inda ya rufe da 67.

Shekarar 1953 ita ce ƙololuwa. Yana ɗan shekara 40, ya shiga gasanni shida ya ci biyar. A Masters ya buga 274, ya karya tarihin gasar da bugu biyar. A US Open da aka yi a Oakmont ya ba Snead ratar bugu shida. Daga nan ya tsallaka teku zuwa Carnoustie a yankin Sikotilan, karo na farko kuma na ƙarshe da ya shiga Open ta Birtaniya. Ya isa kusan mako biyu kafin gasar, ya keɓe kansa a wani fili na kusa mai suna Panmure, yana koyon ƙwallon Birtaniya da ta fi ta Amurka ƙanƙanta, da yadda ake ɗauke ta daga ƙasa mai tauri, da yadda iskar teku ke juya ta. Zagayensa huɗu suka yi ta raguwa: 73, 71, 70, 68. Ya ci da ratar bugu huɗu. Birnin New York ya tarbe shi da jerin gwanon motoci. Shi ne mutum na biyu, bayan Gene Sarazen, da ya taɓa cin dukkan manyan kofunan huɗu, kuma ba a sake samun wanda ya ci uku daga cikinsu a shekara guda ba sai Tiger Woods a 2000.

Idan aka ajiye alƙaluman gefe da gefe, darasin yana fitowa. Cikin gasanni 64 da ya ci a rayuwarsa, 53 kafin haɗarin ne, amma uku kawai daga cikinsu manya ne. Bayan haɗarin ya ci 11, shida daga ciki manya. Ba haɗarin ne ya mayar da shi gwani ba, domin tun 1948 ya riga ya zama zakaran duniya, kuma rumbun da ya cika a shekara ashirin na atisaye shi ya riƙa ci daga baya. Abin da haɗarin ya yi shi ne ya hana shi ɓarnatar da ƙarfinsa. A 1946 babbar gasa mako ɗaya ce cikin makonni talatin na gajiya. A 1953 kuwa yakan iso ta da ɗokin wasa, da shiri na musamman, da hankali a tattare.

Abin da atisaye ya kasa gyarawa

Bayan 1953 bai sake cin babban kofi ba, ko da yake ya sha kusantowa. A 1954 Snead ya ci shi da bugu ɗaya a wasan raba gardama na Masters. A 1955, a San Francisco, wani ɗan wasa da ba a san shi ba mai suna Jack Fleck ya hana shi US Open ta biyar, kuma da sandunan da kamfanin Hogan ya ƙera ya yi wasan. A 1956 wani ɗan gajeren bugu da ya kuskure a rami na kusa da ƙarshe ya sa Cary Middlecoff ya wuce shi da bugu ɗaya. A 1960 a Cherry Hills, yana ɗan shekara 47, yana cikin na gaba har rami na 71, inda ƙwallonsa ta koma da baya ta faɗa ruwa.

A duk waɗannan shekaru dogayen bugunsa ba su lalace ba. Inda ya karye shi ne ɗan ƙaramin bugun tura ƙwallo cikin rami. Yakan tsaya a kan ƙwallo ya daɗe, hannu ya ƙi motsawa, 'yan kallo su yi tsit cikin tausayi. Idonsa na hagu da ya sami rauni a haɗarin ya taimaka wajen haka, amma yawancin matsalar a zuciya take. Wannan irin ciwo ba ya jin maganin yawan atisaye, domin ƙara sa ido a kan hannu shi ke ƙara ɗaure shi. Mutumin da ya yi imani cewa babu matsalar da aiki ba ya warwarewa ya gamu da wadda ta fi ƙarfin aiki.

Ya ci gasarsa ta ƙarshe a 1959 a filin Colonial na garinsu Fort Worth, karo na biyar da ya ci ta. A Masters ta 1967, yana ɗan shekara 54, ya buga 66 a zagaye na uku, ramuka tara na ƙarshe cikin bugu 30, jama'a na miƙewa tsaye suna tafa masa a kowane rami. A 1971 ciwon gwiwa ya fitar da shi daga wata gasa a Houston tun bai gama zagaye ba, daga nan kuma ya daina.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne tsakanin ofishin kamfanin ƙera sanduna da ya kafa a 1953 da kulob ɗin Shady Oaks, inda yakan keɓe da yamma ya buga ƙwallaye shi kaɗai, ba don wata gasa ba, sai don daɗin da yake ji. Littafinsa Five Lessons, wanda ya fito a 1957, har yau ana karanta shi. Ya rasu a Fort Worth ranar 25 ga Yulin 1997 yana da shekara 84. Valerie ta bi shi bayan shekara biyu. Allah bai ba su haihuwa ba.

Abin da ya bar wa na baya

Labarin Hogan ba na nesa ba ne ga Nijeriya. A filayen Rayfield na Jos, da Kaduna, da Kano, da IBB na Abuja, da Ikoyi na Legas, yawancin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan ta ƙofar da ya shiga suka shiga, wato ɗaukar jaka. Yaro yakan koyi wasan da ido, ya sami tsohuwar sanda guda, ya yi ta bugu ba tare da mai gyara masa ba. A Ikoyi ne ma Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji, wanda shi ma ya yi suna wajen yawan atisaye, ya ci gasar Nigerian Open a 1988 da 1989, kafin ya je ya ci manyan kofuna uku a Amurka. Himma tana biya, babu mai musun haka. Amma yaron da ya buga ƙwallo dubu da gurɓataccen riƙo, kuskure dubu ya dasa, kuma baya da wuyan hannu da gwiwar hannu su ne suke fara biyan bashin.

Haka abin yake a sauran wasanni. Matashin da ke atisayen ƙwallon ƙafa safe da yamma a Lafiya cikin zafin bazara, yana kuma buga kowace gasar unguwa da ta taso, da burin wata rana ya sa rigar Nasarawa United, yana bukatar ya san cewa naman jiki a lokacin hutu yake ginuwa, kuma gajiyayyen ɗan wasa shi ya fi saurin jin rauni da yin kuskure a mintin ƙarshe. Nauyin sanin haka ya fi hawa kan masu horarwa da masu shirya gasa, domin yaro mai buri ba ya cewa ya gaji.

Hogan ya yi atisaye fiye da kowa a zamaninsa, kuma ba don haka ba da ba a san sunansa ba. Amma shekara goma na bugu ba tare da gyara ba sun bar shi da aljihu wayam, shekarun bin kowace gasa sun tara masa kuɗi da ƙananan kofuna, manyan kuwa sun fi zuwa ne a shekaru huɗun da ƙafafunsa suka tilasta masa zaɓen inda zai kashe ƙarfinsa.